Tsohon wasa a sabon hannu

Duk lokacin da ƙungiyar al'adu ta zauna domin lissafa abubuwan da ya kamata a adana wa ƴan baya, da wuya jerin nata ya wuce waɗanda aka saba ji: tatsuniya da kacici-kacici, kirari da waƙoƙin gaɗa, kokowa da langa, kayan kiɗa da kayan ado. Jerin yana da kyau, kuma babu mai ja da shi. Sai dai akwai wani abu da har yanzu bai samu gurbi a cikinsa ba, alhali ya shiga rayuwar jama'a fiye da shekara 30 da suka wuce. Mutanen da a yau suke tsakanin shekara 40 zuwa 50, waɗanda su ne malaman makarantu da shugabannin ƙungiyoyi da iyayen ɗalibai, su ne tsara ta farko a ƙasar Nijar da ta tashi da wasa iri biyu: wanda ake yi a ƙasa da tsakuwa da kara, da wanda ake yi a allon gilashi da ƴan yatsu. Na farkon an amince gado ne. Na biyun kuwa ɓata lokaci ake ɗaukarsa, ko da yake shi ma ya tsufa, yana da tarihinsa, kuma yana iya ɓacewa. Abin da ya faru a gidan wani malamin lissafi, ɗan asalin Galma Kudawace, ya nuna cewa ciwo ɗaya ke damun wasannin nan biyu, kuma maganinsu bai bambanta ba.

Jakar ɗan ci-rani

Galma Kudawace ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Madawa, jahar Tawa, cikin ƙasar nan ta duwatsu da kwaruruka da ta miƙe har Buza da Keita. Da damina ana noman gero da dawa da wake, da rani kuma albasa a fadamu ga mai rijiya da ƙarfin ban ruwa. Wanda ba shi da su sai ya kama hanya. Tun kaka da kakanni mazan yankin suke fita ci-rani bayan girbi, wasu Nijeriya, wasu Abija, wasu Libiya da Aljeriya, kuma kusan duk wani sabon abu da ya shigo ƙauyukan nan a jakar ɗan ci-rani ya shigo: rediyo, agogon hannu, rikoda mai kaset, daga baya salula. Wasan allo ma ta wannan hanya ya biyo.

Malamin da ake magana a kansa yana ajin farko na koleji a Madawa, a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da ya fara riƙe wata ƴar na'urar roba mai batir biyu, wadda kawun wani abokinsa ya kawo daga Legas. An rubuta mata 9999 a goshi, wai adadin wasannin da ke cikinta ke nan, amma kusan duka abu guda ne: tubala na faɗowa daga sama, mai wasa na juya su yana jerawa kafin su cika allon. “Jera bulo” yaran suke ce masa. Sai da ya girma ya san cewa sunansa Tetris, kuma wani masanin kwamfuta ɗan Rasha, Alexey Pajitnov, ya ƙago shi a Mosko a 1984. Na'urar ɗaya ce, yaran kuwa sun fi goma, saboda haka doka ta kafa kanta ba tare da wani ya zana ta ba: wanda ya faɗi ya miƙa wa na kusa da shi, sauran kuma su yi cincirindo a kafaɗarsa suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba.

Da ya wuce lise a Tawa, sai ya tarar da ɗakin wasa: shago mai rufin kwano, talabijin biyu, benci uku, da janareta mai tari a bayan ɗaki. Da dala goma ake zama. A nan ya san Super Mario Bros., wanda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1985, da Contra na kamfanin Konami, na 1987, wanda mutum biyu ke yi tare, kowa na kare bayan ɗan'uwansa. Na'urorin kwaikwayon na asali ne, ƙirar Sin, waɗanda ƴan kasuwa ke shigowa da su ta iyakar Nijeriya. A jami'ar Yamai zamanin PlayStation ya riske shi, da wasan ƙwallon ƙafa wanda ya hana ɗalibai da yawa barci. A 2001 kuma salula ta shigo ƙasar, kuma ba a jima ba Nokia 3310 ta cika aljihuna da macijin nan mai cin ƙwaya yana ƙara tsawo har ya ciji wutsiyarsa, wanda kamfanin ya fara sa wa wayoyinsa a 1997. Daga nan sai aiki, sai aure, sai ƴaƴa, wasa ya koma cikin abubuwan da mutum ke jin kunyar ambata a gaban ɗalibansa.

Tsarabar Auta

A 2024, gab da faɗuwar damina, autan gidansu ya dawo daga Abija inda yake gyaran salula. Bayan an raba atamfofi da sabulu da takalman yara, sai ya jawo wani ƙunshi daga ƙasan jaka.

“Yaya, wannan taka ce. Wani ya sayar mini da arha don maɓalli ɗaya ya mutu, na gyara.”

“Haba Auta, ni da furfura? Ka ba yara mana.”

“Kunna ka gani tukuna, Yaya. In ka iya ba su, ka ba su.”

Steam Deck ce, na'urar da kamfanin Valve na Amurka ya fitar a watan Fabrairu na 2022. A ido ta yi kama da kayan wasan yara, baƙa, mai allo inci 7 da maɓallai a dama da hagu, nauyinta ya ɗan haura rabin kilo. A haƙiƙa kuwa cikakkiyar kwamfuta ce da aka matse ta dawo daidai tafin hannu biyu. Tana aiki da tsarin Linux, kuma a cikinta akwai wata manhaja mai suna Proton, wadda Valve ya fitar a 2018, mai aikin tafinta tsakanin na'urar da wasannin da aka rubuta domin Windows. Ta haka dubban wasannin kwamfuta, waɗanda a da sai an zauna gaban tebur, suka koma abin da ake yi a kan tabarma. Wasu kamfanoni sun bi sawu a 2023, Asus da ROG Ally, Lenovo da Legion Go. Tun da kuma kwamfuta ce, tana karɓar manhajojin kwaikwayo, wato waɗanda ke sa sabuwar na'ura ta yi shigar tsohuwa har wasan 1985 ya ɗauka a gidansu yake. Masu sha'awa ne suka rubuta irin waɗannan manhajoji kyauta, kamar MAME tun 1997 da DOSBox tun 2002, kuma mai na'urar na farko ya riga ya cika ta da su.

Ba abu ne da za a gani a kowane gida ba. Farashin mafi ƙanƙantarta lokacin da ta fito yuro 419 ne, wato kusan jaka 275 na sefa, alhali albashi mafi ƙanƙanta a Nijar, ko bayan ƙarin da aka yi a 2024, jaka 42 ne a wata. Ma'aikaci zai yi fiye da wata shida bai ci bai sha ba kafin ya saye ta. Amma ta iso Galma yadda komai ke isowa, a jaka, bayan ta gaji a hannun wani.

A daren nan malamin bai miƙa ta ga yara ba. Ya tarar da Contra a cikin jerin, ya danna, kuma kafin ya yi tunani ƴan yatsunsa sun riga sun san inda za a yi tsalle da inda maƙiyi zai ɓullo, bayan shekara 25. Abin da ya ba shi mamaki bai wuce wannan ba: ya manta sunayen rabin malamansa na lise, amma hannunsa bai manta da gadar da ke fashewa a matakin farko ba. Tare da kiɗan wasan kuma sai warin man janareta ya dawo masa, da fuskar abokin da suke haɗa dala biyar-biyar, wanda ya tafi Libiya shekaru da suka wuce ba a sake jin labarinsa ba.

Marmari a can, larura a nan

A Turai da Amurka, masu irin wannan na'ura kan yi mamakin kansu: sun saye ta domin sababbin wasanni, sai suka tsinci kansu suna komawa ga na ƙuruciya. A wurinsu marmari ne, irin na mai ƙoshi da ya tuna tuwon kakarsa. A Galma kuwa zaɓi bai kai ga haka ba, domin wuta da intanet da zafi sun riga sun yanke hukunci.

Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuwa adadin bai kai haka ba ko kusa. An buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, amma wanda ya ga watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take turowa, ya san darajar batir mai caji. Gidan su malamin da faifan sola guda yake dogara, shi ne na fitila, shi ne na salular kowa. Sabon wasa mai nauyi yana shanye batirin na'urar cikin awa biyu, tsoho kuwa yana kai ta tun daga magariba har a yi barci. Intanet ma haka: Baldur's Gate 3, na 2023, yana buƙatar wurin ajiya gigabait 150, abin da ko an sayar da tunkiya aka sayi kati, layin ƙauye ba zai sauke shi ba. Super Mario Bros. kuwa dukansa kilobait 40 ne, bai kai hoto ɗaya na salula ba. Game da zafi, Valve da kansa ya sanar a 2022 cewa na'urar ta fi aiki da kyau tsakanin digiri 0 zuwa 35, alhali a bazarar Adar digiri 40 ba labari ba ne. Da an ɗora mata sabon wasa sai fankarta ta kama kuka tana zuƙar ƙura, da an koma tsoho sai ta yi shiru.

Da malamin ya fara lura, sai ya ga ashe ɗalibansa sun daɗe a wannan hanya, ba tare da na'urar jaka 275 ba. A cikin ƙananan Tecno da Itel ɗinsu akwai PPSSPP, manhajar kwaikwayo da wani ɗan Suwidin, Henrik Rydgård, ya fitar a 2012, wadda ke mayar da salula PSP, wato na'urar hannu ta Sony ta 2004. Konami ya daina yi wa PSP wasan ƙwallo tun daga PES 2014, amma masu sha'awa a ƙasashe daban-daban suna ɗaukar tsohon, su sauya sunayen ƴan wasa da riguna kowace shekara, su sake shi. Daga shagon caji yake fitowa, inda ake tura waƙoƙi da fina-finai a kati, sannan ya bi daga waya zuwa waya a fada, ana shan shayi, ba tare da an kashe ko dala ta intanet ba. Yaron da ke buga shi bai san tsoho ba ne. A wurinsa wasan bana ne, tun da ga ƴan wasan bana a ciki.

Wa ke riƙe da ajiya?

Mai karatu zai iya ɗauka cewa abin da aka yi da lantarki ba ya ruɓewa. Ba haka abin yake ba. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Kamfani ya mutu, ko na'urar ta daina fita, ko takardun mallaka sun rikice, sai wasa ya bi ruwa. Sababbin sun fi shiga haɗari, domin da yawansu ba sa tashi sai sun gaisa da kwamfutar kamfani ta intanet. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya rufe kwamfutocin wasan tseren mota The Crew, kuma duk wanda ya saye shi da kuɗinsa ya wayi gari ba shi da komai. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara. Abin ya tayar da ƙura har aka tara sa hannun mutane fiye da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025, ana neman doka ta hana irin haka.

Wasu ƙasashe sun farga da wuri. Tun dokar 1992 Faransa ta wajabta ajiye kwafin wasannin bidiyo a babban ɗakin karatu na ƙasa, kamar yadda ake ajiye littattafai. A 2012 gidan adana fasahar zamani na New York ya shigar da wasanni 14 cikin taskarsa, har da jera bulon yaran Madawa. A nan kuwa, mai shagon caji da tsohuwar kwamfutarsa shi ne taska, bai kuma san yana wannan aiki ba.

Sai dai maganar tana da ƙaya, kuma malami ba zai tsallake ta ba. Mafi yawan abin da ke yawo a katunan nan ba da izinin masu shi yake yawo ba. Kamfanoni sata suke kiransa, kuma a 2024 Nintendo ya kai masu wata manhajar kwaikwayo mai suna Yuzu kotu, suka amince da biyan dala miliyan 2.4 ta Amurka, suka rufe. Wanda ya san yadda turi a kati ya karya kasuwar faifan fina-finan Hausa, ya bar mawaƙa da ƴan wasa suna kallon guminsu yana yawo kyauta, ba zai ce kukan masu haƙƙi banza ne ba. Akwai hanyar halal, kamar kantin GOG da aka buɗe a Polan a 2008 domin sayar da tsofaffin wasannin kwamfuta da arha, amma yana neman katin banki, abin da ɗan koleji a Galma bai taɓa riƙewa ba. Malamin ya zaɓi ya faɗa wa ɗalibansa gaskiya biyun tare: wasan da ke wayarsu aikin wasu mutane ne da suka yi shekaru suna wahala a kansa, kuma inda babu mai sayarwa, babu mai ajiya, hannun jama'a ne ya hana shi mutuwa. Ya bar su da nauyin tunanin, domin su ne gobe za su rubuta waƙa ko littafi su so a biya su.

Tambayar tsoho

Mahaifin malamin ya haura shekara 80. A zamaninsa gwanin dara ne, wanda ake zuwa daga ƙauyukan kewaye domin a kara da shi ranar kasuwa. Dara ba ta neman batir: gurabu 30 a ƙasa, layi biyar na shida-shida, wannan da tsakuwa 12, wancan da kara 12. A fara dasawa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda a jera uku a lokacin dashe ba, sannan a shiga tafiya gurbi-gurbi, gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga cikin ƴaƴan abokin karawarsa, har sai ɗaya ya kasa jerawa. Amma shekara da shekaru tsohon bai haƙa gurbi ba. Abokan karawarsa sun riga shi, matasa suna ci-rani, waɗanda suka rage kuma kansu na sunkuye a kan salula.

Wata rana da la'asar ya ga jikansa a zaure, shi kaɗai, na'urar a hannu, yana cije leɓe.

“Kai maƙwabci, da wa kake wanga faɗa?”

“Da na'ura, Kaka.”

“To, in ka kada ta, wa za ka yi ma dariya?”

Yaron bai samu amsa ba, uban da ke bakin ƙofa ma haka. Tambayar ta bi malamin kwana da kwanaki, domin ta taɓa abin da ya ji a daren farko bai gane ba. Contra ɗin nan ita ce dai ta Tawa, ko ɗigo bai canza ba, amma ya yi ta shi kaɗai, alhali an gina ta da gurbin mutum biyu. Abin da ya yi kewa shi ne benci, da jiran layi, da ihun ƴan kallo, da ba'ar da ake yi wa wanda ya faɗi har a kai shi gida. Na'urar hannu ta iya ajiye wasan, amma ta zo da allo daidai idon mutum ɗaya. Dara ma abin da ya same ta ke nan: dokokinta suna nan daram a kan tsohon, abin da ta rasa shi ne wanda zai zauna a ɗaya gefen.

Abin da malamin ya yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Ya sa Auta ya nemo igiyar haɗawa da talabijin da abin riƙo na biyu, ya kafa dokar yaran Madawa a gidansa: na'ura ba ta shiga ɗaki, a tsakar gida ake yi, bayan an gama aikin makaranta, wanda ya faɗi ya miƙa. Sharaɗi na ƙarshe shi ne, duk mai son riƙe ta ranar Lahadi sai ya fara zama gaban Kaka ya dasa kara 12. Yaran sun shiga dara ne kamar masu biyan haraji. Bayan ƴan makonni babban ya fara gane cewa tsohon tun a dashe yake cin wasa, kafin a motsa ko tsakuwa ɗaya, kuma daga ranar ba a sake tura shi ba.

Wani abu kuma ya fito wanda ba a zata ba. Ɗakin wasa na Tawa, kamar gindin bishiyar dara, wurin maza ne, kuma babu yarinyar da ta taɓa zama a bencin nan. Da wasa ya shigo tsakar gida, sai ga ƴar malamin mai shekara 12 ta fi kowa jera bulo, har ta kafa adadin da ubanta ya kasa kamowa. Ita ce kuma ta fara tambayar me ya sa ba a koya wa mata dara. Tsohon ya yi dariya, ya share ƙasa da tafin hannu ya ce: “Zamna, amarya. In kin ci ni, na ƙara sadaki.”

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

Tsoron iyaye game da wasan allo yana da tushe. Hukumar lafiya ta duniya ta amince a 2019 da shigar da jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka, kuma kowane malami ya san ɗalibin da ke gyangyaɗi a aji saboda ya kwana yana buga ƙwallo a waya, ga jarrabawar BEPC tafe. Amma hani na bai-ɗaya bai taɓa cire waya daga hannun yaro ba, sai dai ya koya masa ɓoyo. Ya fi amfani a koya masa rarrabewa. Tsohon wasa abu ne da aka gama ƙerawa, yana da farko yana da ƙarshe, ba ya neman kuɗi a tsakiyar hanya. Da yawa daga cikin na yanzu an gina su ne don kada su ƙare, suna kiran mai wasa kowace safiya, suna sayar masa da riga da makami, wasu kuma ƙofa ce kai tsaye zuwa cacar ƙwallo. Malamin da ya yi wasa a ƙuruciyarsa ya fi kowa iya nuna wannan bambanci, in har ya daina jin kunyar cewa ya yi.

Aiki na biyu na rubutu ne. Dara tana da dokoki da suka ɗan bambanta daga gari zuwa gari, tana da kalmominta, da habaicinta, da kirarin gwanaye, kuma duk wannan yana cikin kan tsofaffi ƴan ƙalilan. Salular da ake zargi ita ce kuma na'urar ɗaukar murya da hoto mafi arha da aka taɓa samu. Ajin Hausa zai iya fita ya ɗauko wasa guda daga dashe har ƙarshe, ya rubuta dokokin, ajin Faransanci ya fassara, ajin lissafi ya ƙirga hanyoyin jera uku a gurabu 30. Haka nan ya kamata a rubuta tarihin ɗakunan wasa na Madawa da Ƙonni da Tawa tun masu shi suna raye: yaushe aka buɗe, nawa ake biya, wane suna yara suka laƙa wa kowane wasa. Babu ɗakin karatu a Faransa ko Amurka da zai adana kalmar “jera bulo”.

Wannan rubutu zai yi rana. Masu ƙera wasanni a waje sun riga sun fara ɗibar tarihin yankin nan: Civilization V na 2010 ya sa Askiya na Songhai cikin shugabanninsa, Civilization VII na 2025 kuma ya sa Amina ta Zazzau. A Kamaru, kamfanin Kiro'o ya fitar da Aurion a 2016, wasan da aka gina a kan al'adun Afirka. Ranar da wani ɗan Adar zai zauna ya ƙera nasa, abin da aka rubuta aka ajiye shi zai tarar. Kokowa ma wasan dandali ce ta bayan girbi kafin a shirya gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, yau kuwa tana da filaye da dokoki da takobi, ƙasa duka tana tsayawa domin ta. Dara ba ta neman ko rabin wannan. Inuwa take so a farfajiyar koleji ko gidan matasa, da rana ɗaya a mako, da tsoho guda da aka gayyato da girmamawa aka ba shi shayi. In an ajiye talabijin da abin riƙo biyu a gefe, ba laifi, muddin dokar miƙawa tana aiki a duka wuraren biyu.

Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an buɗe tulun an zuba wa wani. Shugabannin ƙungiyoyi da za su zauna tsara ayyukan hutun bana suna da damar ƙara layi biyu a jerinsu, ɗaya na dara, ɗaya na wasannin da su kansu suka yi suna yara, sa'an nan su nemi tsofaffin garinsu tun ana iya samun su a zaure. Allah ya sa a dace.